Luguden Kati Biyu

Kowace Juma'a bayan la'asar nakan ji tsayawar babur ɗin Yaya a ƙofar gida. Ba ya shigowa hannu rabbana. A hammatarsa akwai kwalin takalmi, a cikin kwalin tsohon rawani, a cikin rawanin kuma katin hoton kwamfutarsa, GeForce GTX 460, wanda ya kwance da safe a Gwammaja ya ɗauko shi kamar ƙwai har ɗakina na soro a Gyaɗi-Gyaɗi. Ɗan baffana ne, shekara huɗu ya ba ni. Ni ma ina da irin wannan kati sak, kuma daga daren Juma'a zuwa yammacin Lahadi katinan nan biyu a akwati guda suke kwana.

Shawarar ta samo asali ne a tsakiyar 2010. A lokacin sarkin katinan Nvidia shi ne GTX 480, dala 499. Shi kuwa GTX 460 mai giga ɗaya dala 229 ne, biyu ke nan 458, kuma duk mujallar kwamfuta da ta gwada ta nuna cewa ƙananan biyu in an haɗa su sukan wuce babban a yawancin wasanni. Dala tana wajen naira 150. Babu ɗayanmu da zai iya tara dubu saba'in da biyar kafin ma a yi maganar kuɗin kawowa, amma kowa zai iya ƙoƙarta rabin haka in ya ɗaure cikinsa. Sai Yaya ya kawo dabara: kowa ya sayi ɗaya, ranakun aiki kowa da nasa, ƙarshen mako a haɗa. Madabod ɗina ce ke da dogayen ramuka biyu da lasisin SLI, wato tsarin haɗa kati biyu su yi aiki tare, don haka ɗakina ya zama dandali. A ranar na ɗauka babu mai wayon Yaya a duk faɗin Kano.

Wani dattijon mai gyara a titin Beirut, wanda muka je neman wayoyin wuta a wurinsa, ya saurari bayaninmu har ƙarshe yana sakace haƙori. Da muka gama ya ce, "Samari, kati biyu kishiyoyi ne fa. Kowace sai ka yi mata nata ɗakin, ka sai mata nata tukwanen, ranar da rabon kwana ya karkace kuma kai za ka kwana a waje." Muka yi dariya, muka ce Baba ya tsufa, zamani ya wuce shi.

Yaya ya fi ni karatun tarihin abin, kuma ba ya gajiya da maimaita shi. Wani kamfanin Amurka mai suna 3dfx ne ya fara shahara da shi a 1998, da katinsa Voodoo2. Ana jona biyu da 'yar waya, ɗaya ya zana layi na farko a allo, ɗayan ya zana na biyu, haka har ƙasa, kamar manoma biyu da suka raba kunya-kunya a gona ɗaya. Mai kati ɗaya iyakarsa 800 da 600, mai biyu yakan kai 1024 da 768, abin alfahari a wancan zamani. Kamfanin ya durƙushe, Nvidia ta saye kadarorinsa a ƙarshen 2000, ta kuma farfaɗo da sunan SLI a 2004. ATI ta mayar da martani da CrossFire a 2005, shekara guda kafin AMD ta saye ta. Na ATI ya fi sassauci, yakan yarda a haɗa kati biyu 'yan ɗaki ɗaya ko da ba tagwaye ba ne. Namu sai iri ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, shi ya sa Yaya ya tsaya kai da fata sai mun saya tare, rana ɗaya, daga hannun mutum ɗaya.

Kafin zamaninmu rabon aikin ya sauya. An daina raba layuka, an koma raba hotuna. Wasan kwamfuta hotuna ne ke wucewa a jere da sauri, to sai kati na farko ya zana wannan, na biyu ya zana mai bi masa, na farko ya sake karɓa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san wannan. Lugude ne: turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan ta sauka wannan ta ɗaga.

Har yau ina iya jin ƙanshin wannan daren na farko, ƙanshin sabuwar roba da ƙura mai ɗumi. Mu kwance murfin akwati, mu busa ƙurar hunturu da bulowa, Yaya ya zura katinsa a ramin ƙasa har sai ya ji ɗan ƙas. Wayoyin wuta huɗu masu baki shida-shida, biyu ga kowane kati. Sa'annan 'yar gada, wata siririyar leda mai ruwan ƙasa da ba ta kai tsawon yatsa biyu ba, wadda ake maƙala wa a kan katinan ta haɗa su. Yaya ba ya barina in sa ta. "Hannunka rawa yake," in ji shi. A kunna, a shiga manhajar Nvidia a zaɓi SLI, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, zuciyata ta tsaya tare da shi, sai haske ya dawo.

Crysis muka fara sawa, mana. Tun fitowarsa a 2007 shi ne ma'aunin da ake gwada ƙarfin kowace kwamfuta, wasan da ya ƙasƙantar da masu kuɗi da yawa. Akwai wata 'yar manhaja, Fraps, da ke rubuta adadin hotunan da ke wucewa a sakan ɗaya da lambobi ruwan ɗorawa a kusurwar allo. Da katina kaɗai lambar takan yi ta rarrafe a talatin da 'yan kai. Da gada ta hau sai ga ta tana leƙa sittin. Yaya ya miƙe tsaye ya yi kabbara. Mun fi minti goma ba mu harbi kowa ba, muna ta juya kai a bakin teku muna kallon ganyen kwakwa yana kaɗawa, ido ɗaya a kan dajin, ɗaya a kan lamba.

Sannu a hankali maganar Baba ta fara cika. Tukwane ne farko. Ni a lissafina giga ɗaya da giga ɗaya biyu ne. Ashe tunda kowane kati cikakken hoto yake zanawa, dole kowanne ya riƙe cikakken kwafin duk kayan wasan a ƙwaƙwalwarsa, bango da bishiya da rigar soja. Mun biya kuɗin giga biyu, giga ɗaya muke mora. Na yi kwana biyu ina jin kamar an cuce ni, ko da yake babu wanda ya taɓa ce mini ba haka abin yake ba, ni ne ban tambaya ba.

Sai zafi. Kowane kati yana iya jan wat 160, biyu 320, ban da sauran kayan ciki. Na sama shi ke shan wuya, domin fankarsa bayan ɗan'uwansa take kallo, iskar da take shaƙa ta riga ta dahu. A sanyin Disamba babu damuwa, har ɗumama ƙafa muke yi. Amma watan Afrilu a Kano, ɗakin soro mai rufin kwano, sai fankokin su riƙa kuka kamar injin markaɗe. Muka cire murfin gefe gaba ɗaya, muka ɗauko fankar tsaye ta falo muka saita ta a cikin akwatin, mu kuma muna zaune daga mu sai singileti. Fawa-fak ɗina na farko, wani mai arha da na yarda da lambar da aka rubuta a jikinsa, a tsakiyar Metro 2033 ya yi tartsatsi ya bar mu da warin ƙonanniyar waya. Allah ya tsare katinan. Kuɗin sabo mai nagarta ya cinye ratar da ke tsakanin 458 da 499, har ya nemi ciko. Idan aka ɗauke wuta kuwa, ɗan ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai ba ya iya ɗaukarmu tare da fanka, sai mun roƙi babban na cikin gida. Umma takan leƙo ta ce, "Wai ku wannan abin naku tuwo yake tuƙawa ne?" Yaya ya ce, "Umma, bincike muke yi." A lokacin litar fetur tana naira 65, muna karo-karo.

Rabon kwana shi ya fi ba ni wahala, domin ba na iya nuna shi da yatsa. Lamba tana cewa sittin, amma idan na juya da sauri sai in ji hoton yana ɗan cijewa, kamar keken da sarƙarsa ta rasa haƙori ɗaya. Na faɗa wa Yaya, ya ce idona ne, in rage kallon allo. Muka yi watanni muna wannan musu. A watan Satumba na 2011 wani marubucin fasaha Ba'amurke, Scott Wasson na The Tech Report, ya wallafa dogon bincike da ya ce a daina ƙirga hotuna a sakan kawai, a auna tazarar da ke tsakanin kowane hoto da mai bi masa. Hoto sittin a sakan yana nufin kowanne ya zo bayan kusan kashi 17 cikin dubu na sakan. To idan wannan ya zo bayan kashi 5, na gaba bayan 28, jimilla ba ta canja ba, Fraps zai rantse sittin ne, amma ido doguwar tazarar yake gani. Luguden da taɓarya biyu ke sauka kusan tare sannan a yi shiru, ƙirgen bugu daidai ne, amma ko yaro ya ji ya san kiɗan ya ɓaci. Na buga rubutun a kafe na kai wa Yaya har gida. Ya karanta, ya ninke, ya ce, "To ai shi ma idonsa ne." Sai a 2013 aka samu kayan awo da suka fito da matsalar fili, AMD ma ta saki direba ta musamman don daidaita tazarar.

Akwai kuma jiran direba. Sabon wasa in ya fito, ba lalle ya san da kati na biyu ba sai kamfani ya rubuta masa nasa tsarin a sabuwar direba. Kafin nan katin Yaya zaune kawai yake yana shan wuta. Sai in raba dare da modem ina saukewa, ya katse a kashi tamanin, in sake daga farko. Abin dariyar, wanda ba mu taɓa faɗa wa juna ba, shi ne fiye da rabin lokacinmu PES muke bugawa, wasan ƙwallon da kati ɗaya ke ɗauka yana hamma.

Da wani zai tambaye ni a lokacin, mutum ɗaya mai kuɗin a hannu, da gaskiya ita ce ya sayi babba guda ɗaya ya huta. Amma mu ba mutum ɗaya ba ne. Da mun haɗa kuɗi mun sayi GTX 480, a ɗakin wa zai kwana ranar Talata? Na san halin Yaya, na san nawa. Ba za mu kai wata uku ba sai an kai ƙara gaban Baffa. Kati biyu ya ba kowa abinsa na kwana biyar, ya kuma tilasta wa Yaya hawa babur ya ratsa gari duk Juma'a, ya ci tuwon Umma, ya kwana a katifata yana minshari.

A farkon Janairun 2012 aka cire tallafin mai, lita ta tashi zuwa 141, bayan zanga-zanga ta tsaya a 97. Babban janareta ya zama na dare kawai, na fanka da firji. Haɗuwarmu ta koma sau biyu a wata, sannan sau ɗaya. A ƙarshen shekarar aiki ya kai Yaya Kaduna, ya tafi da katinsa a cikin rawanin nan.

Ita ma sana'ar ba ta daɗe ba a bayanmu. Masu wasanni suka koma gina kowane hoto da taimakon wanda ya gabace shi, don gyara gefuna da haske, ka ga taɓarya ta biyu dole ta tsaya jiran ta farko ta gama, lugude ya mutu ke nan. DirectX 12 ya miƙa wa masu wasannin nauyin raba aikin da kansu, kaɗan ne suka ga ribar wahalar saboda 'yan tsirarun masu kati biyu. GTX 1060 na 2016, jikan katinmu a daraja, ya fito ba shi da ma wurin maƙala gada. Daga farkon 2021 Nvidia ta daina rubuta sababbin tsare-tsaren SLI, RTX 4090 na 2022 kuma, duk tsadarsa, shi kaɗai yake zama.

Bara da Sallah Yaya ya zo da iyalinsa. Babban ɗansa, wanda duk wasanninsa a waya suke, ya buɗe durowata yana neman caja, ya zaro 'yar ledar nan mai ruwan ƙasa ya ce, "Baffa, wannan ta mece ce?" Kafin in buɗe baki Yaya ya karɓe ta, ya juya ta a tafin hannu, ya ce ai tasa ce, shekara goma sha yana nemanta. Na ce a kwalin madabod ɗina ta zo. Ya ce ƙarya nake, a titin Beirut ya saye ta, har ya tuna Baba bai ba shi canji ba. Ya sa ta a aljihun gaba na rigarsa. Da ya cire rigar zai yi alwala na zare abata na mayar durowa, kuma har ya koma Kaduna bai ce komai ba. Sai bayan kwana uku saƙonsa ya shigo: "Ɓarawo. Ina nan zuwa."