Hoton Gawo, Shaidar Gobe

A 1973 babbar mota ta kayar da iccen Tenere. Kututturensa na gidan tarihi na Yamai, amma hotuna kaɗai ke nuna shi tsaye. Shi ya sa ba na wasa da hoton gawo.

A gonakin Magariya nakan jira rani, sa'ad da yake kore shar alhali ƙasa ta bushe. Rana tsaka inuwa na taruwa gindinsa, hoto ya fito ba zurfi. Da sassafe ko la'asar sakaliya, haske na shigowa ta gefe, ya fiddo kaushin ɓawo da karkatar rassa. Nakan aje shi gefe guda, makiyayi da awakinsa a ƙarƙashi, domin jikokinmu su auna girmansa.

Mai karatu, gatari ba ya jira.