Gidan Rumji: neman hoton mujiya cikin ɗarin hunturu

Matafiyin da ya bar Maraɗi ya nufi Birnin Ƙwanni bisa babbar hanya ta 1 ba kasafai yake tsayawa Gidan Rumji ba, in ba don salla ko shan ruwa ba. Amma mai neman hoton mujiya, nan ya kamata ya sauke kayansa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ya rufe sama, gonaki suka koma kara da ƙura.

Dalili kuwa itacen gawo ne. Sauran itatuwa suna zubar da ganye da rani, shi kuwa sannan yake tohowa, don haka mujiya take samun maɓoya cikinsa, tun daga fadamar Gulbin Maraɗi har gonakin Tsibiri. Gawon nan ya yawaita albarkacin sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya soma yaɗawa a jihar Maraɗi cikin 1983, manoma suka riƙa barin tohon kututture ya girma maimakon su sare shi. Har wata ƙaramar mujiya takan baro Turai ta tsallako Sahara ta yi hunturu a ƙasashen Sahel.

Ya mai karatu, aikin nan na haƙuri ne. Da rana ake neman ta. A duba gindin itace: in an ga dunƙulen gashi da ƙasusuwan kusa da ta amayar, to tana bisa. A saurari ƙananan tsuntsaye kuma, don in sun gan ta sai su taru suna yi mata ature, abin da ya sa Bahaushe yake cewa an mai da mutum mujiya. Hoto mai kyau yana samuwa da almuru, daga nesa. Walƙiyar kamara tana kashe mata ido na ɗan lokaci, kuma mai matsawa kusa da sheƙa yana nuna wa yara masu danƙo inda take.

Ga inda matsalar take. Mutane da yawa suna ɗaukar kukanta a matsayin shelar mutuwa, sai jifa. Waɗansu suna kama ta don sayar wa bokaye. Alhali kuwa ita ce mai gadin rumbu wadda ba ta karɓar albashi: tana jin motsin kusu cikin duhu, ta sauko ba tare da fukafukanta sun yi ƙara ba. A Maleshiya, masu gonakin kwakwar manja har akwatuna suke kafa mata don ta rage musu ɓarna.

Saboda haka, ɗan kasuwa mai ajiyar hatsi da ma'aikacin gona su ne ya kamata su fara tsaya mata. Wanda ya ɗauko hotonta, ya nuna wa mai gonar kafin ya kai birni, ya gaya masa abin da take ci. Allah ya sa mu gane masu yi mana aiki muna barci.