Gara ta riga mu cin salla

Bana, saura kwana uku ƙaramar salla, muka jawo buhun kayan kwalliyar ɗaki daga bayan gado. Wallahi sai da muka yi salati. Gara ta cinye labule biyu, darduma ta yi fumfuna, kusu kuma ya haihu cikin zanen gado. Dole ɗayarmu ta ci bashin jika goma a asusu ta sake saye, kuɗin da ta so ƙarawa a jarin ƙuli-ƙulinta.

Laifinmu ne. Daga layya zuwa ƙaramar salla wata tara ne da ƴan kwanaki, kuma a shekarun nan damina na ciki. Mu ko da baƙi sun watse sai mu cusa komai a buhu, mu jingina da bango. Iyayenmu ba haka suke yi ba: ƙwaryarsu a ragaya take kwana, can sama.

Da layya ta wuce muka sake dabara. Muka wanke kayan, muka shanya har suka bushe ƙarau. Muka ninke su cikin akwatin ƙarfe da busasshen ganyen dogon yaro, muka ɗora kan bulo huɗu nesa da bango. Darduma muka naɗe, muka rataye a azara. Duk wata, ran da rana ta buɗe, mukan buɗe akwatin mu duba.

Ƴan uwa, ku leƙa bayan gadonku yau. Ƙawarmu har yanzu tana biyan jika goman nan, mako-mako.