Sawun Igiya a Gadar Makalsfild

An haƙa hanyar ruwa ta Rijent a Landan, aka buɗe ta a shekarar 1820, domin dakon kwal da katako da kayan gini tsakanin unguwar Fadintin da bakin kogin Tems. Tsawonta ya kusa kilomita 14. Ba iska ke tura jiragen da ke binta ba, dawaki ne ke jan su da igiya, saboda haka aka shimfiɗa wata siririyar turba a gefen ruwan domin doki da mai kora shi. Dawakin sun daina aiki tun tsakiyar ƙarni na 20, turbar ta koma hannun masu yawon shan iska da masu keke, sai kuma masu ɗaukar hoto, waɗanda ke yin tururuwa da zarar sanyi ya ja da baya.

Masu fassara kan kira wannan lokaci bazara, amma kalmar tana ɓatar da mai karatu, domin bazarar Bahaushe zafi ce da jiran ruwa. Abin da ake nufi a Ingila shi ne watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da itatuwan da suka yi tsirara suke toho, rana kuma take ƙara daɗewa a sama.

Cikin masu bin turbar akwai wata mai ɗaukar hoto da ta shekara da shekaru tana fita da sassafe a waɗannan watanni. Ba furanni ke fito da ita ba, ko da yake suna nan birjik, kuma su ne mafi yawan mutane ke ɗauka. Haske take bi. Kafin ganye ya rufe sama, ranar safiya tana sauka a karkace har kan ruwan, ruwan kuma ya mayar da ita ƙarƙashin gadoji, sai a ga haske yana rawa a jikin tubalin da yake cikin duhu a sauran watanni. Irin wannan haske mai zuwa ta gefe shi ne ke tona duk wani ƙwarzane da ke jikin ƙarfe da dutse.

A gadar Makalsfild, daura da lambun Rijent, ta fi daɗewa. A watan Oktoba na 1874 wani jirgi mai suna Tilbury, ɗauke da albarushi, ya yi bindiga a ƙarƙashin gadar, ya hallaka ma'aikatansa, ya rushe ta. Ginshiƙanta na ƙarfe sun tsira, kuma da aka zo sake gini sai aka juya su, aka ba igiya sabuwar fuska. Jiƙaƙƙiyar igiya mai ɗauke da yashi tana cin ƙarfe a hankali kamar zarto, don haka a yau ginshiƙan suna da sawu ta ɓangarori biyu: na kafin fashewar da na bayanta. Takan durƙusa daidai tsayin sawun, ta jira rana ta cika shi da inuwa, ta bar koren ganye ya dushe a baya. A hoton ba a ganin doki ko mai kora shi, amma ana ganin inda nauyin aikinsu ya bi.

Hujjarta a nan tana da ƙarfi. Hoton fure da agwagwa yana da kyau, sai dai zai iya fitowa daga kowane lambu a Turai, kuma yana mayar da wurin da aka yi gumi a cikinsa tamkar an ƙirƙire shi don hutu. Ba ta ƙin kyan yanayin. Tana so ne ya zauna a firam ɗaya da abin da ya gabace shi. Haka take yi wa baƙin tsuntsun ruwan nan mai farin goshi, wanda kan haɗa sheƙarsa da kara da ledar da aka yar: ba ta kawar da kyamara daga ledar.

A Izlintin turbar takan yanke, domin ruwan ya shige ƙarƙashin tudu ta wani rami mai tsawon kusan mita 880 wanda ba a yi masa hanyar doki ba. A da, sai a kwance dokin a zagaya da shi ta cikin gari, ya tari jirgin a ɗaya bakin. Ita ma nan take rufe kyamararta, ta hau matakala, ta bi titunan da dawakin suka bi har ta sake sauka ga ruwa.