Laifi tudu ne: Darasin da fitilar motata ta koya mini

Shekara da shekaru ina bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, domin can mahaifiyata take, kuma da wuya mako biyu su wuce ban je gaishe ta ba. Da rana tafiyar ba ta kai awa guda. Amma idan hira ta yi daɗi har magariba ta riske ni, dawowar takan zame mini azaba. Kusan duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai direbanta ya watso mini dogon haske, wanda suke kira ful, ya kashe, ya sake kunnawa. Ni kuwa sai in ja tsaki, in ce direbobinmu ba su da tarbiyya. Har misali na taɓa bugawa da su a gaban ɗalibaina.

Da na ga ba na ganin hanya sosai, sai na cire ƙwayayen fitilar da motar ta zo da su, na sa fararen nan na LED masu kashe ido. Na ɗauka na yi maganin abin.

Wani dare cikin hunturun bara, bayan an gama girbi a fadama, Inna ta sa aka loda mini buhu uku na shinkafa a bayan mota. Na taso ga hazo ya sauka. Dab da Ambursa, ina ganin rassan dogon yaro tar kamar da rana, amma kwaltar da ke gabana dishi-dishi. Kwatsam sai ga amalanken shanu, ba fitila, ba wani abu mai ƙyalli a jikinsa, ga yaro ɗan kimanin shekara goma zaune bisa kaya. Na taka birki iya ƙarfina. Da motar ta tsaya, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Yaron ya waiwayo ya kare idonsa da hannu. Har na isa gida jikina bai daina rawa ba.

Washegari na tafi wajen wani dattijo mai wayarin, na ce, "Baba, a nemo mini ƙwan da ya fi wannan ƙarfi." Ya ce in dawo bayan sallar magariba. Da na dawo, ya sa na fuskanci wata katanga, na kunna gajeren haske. Ya dubi inda hasken ya sauka, ya yi dariya, ya ce, "Dakta, hitilakka ba hanya taka kallo ba, taurari taka ƙidaya." Nan take na gane cewa direbobin da nake zagi ba rashin kunya suke mini ba. Roƙona suke in rage hasken da ke makantar da su, ni kuma ina ganin ai a dim nake.

Aikin da ya yi bai wuce minti ashirin ba, kuma duk mai mota zai iya yin sa. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga katanga, tayoyi da isasshiyar iska, direba yana zaune a ciki. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da alli a katangar daidai wannan tsayi. Idan aka kunna gajeren haske, bakinsa na sama ya kamata ya sauka ƙasa da layin da kimanin santimita 10, wato sunkuyon kashi ɗaya cikin ɗari. Motoci da yawa an rubuta nasu adadin a jikin gidan fitilar. A bayan fitila galibi akwai sukurori biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Sai a rufe fitila ɗaya da tsumma, a daidaita ɗayar.

Lissafin a fili yake. Fitilar da tsayinta santimita 65 ne, idan ta sunkuya kashi ɗaya cikin ɗari, haskenta zai taɓa ƙasa a mita 65. Idan ta sunkuya kashi uku, bai kai mita 22 ba, alhali mai gudun kilomita 80 a awa yana cinye mita 22 a daƙiƙa guda. Idan kuma ta ɗaga sama, hasken ya bar hanya ya shiga idon mai zuwa, a cikin hazo kuwa ya dawo wa mai shi.

Abubuwa uku ne suka fi karkatar da fitilunmu. Na farko lodi: duk nauyin da ya danne baya yana ɗaga hancin mota, shi ya sa wasu motocin ke da ɗan maɓalli kusa da sitiyari, mai lamba daga 0 zuwa 3, don sunkuyar da haske. Tawa tana da shi, ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Na biyu, ƙwan LED da aka cusa a gidan da ba don shi aka ƙera ba yakan watsa haske barkatai. Na uku, tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka fitilar da ta dace da mu ita ce mai ɗaga haske ta gefen dama, inda masu tafiya a ƙasa suke. Motar da aka ƙera don Ingila ko Japan, aka juya mata sitiyari ba a sauya fitila ba, idon mai zuwa take nufa.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da shugabannin direbobi, su ware katanga guda a kowace tasha, a ja mata layin awo, musamman gabanin bikin kamun kifi na Argungu, lokacin da hanyar ke cika da baƙi. Masu amalanke su ma a taimaka musu da ƙyalle mai ƙyalli. Amma kafin hukuma, gyaran daga kanmu zai fara, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Na mayar da tsofaffin ƙwayayena. Makon jiya na dawo daga Argungu bayan isha'i, ba wanda ya watso mini haske. Na kuma koma aji na janye misalin nan da na buga. Allah Ya kiyaye mu da ɗaukar alhakin wani a kan hanya.