Matan da Ke Kafa Bukka a Jikin Dutse

A littattafan lakkol da muka yi karatu da su, mutanen dauri kamarsu ɗaya: namiji tsaye da mashi, mace durƙushe bakin murhu. Mai wannan zane ɗan zamaninmu ne, zato kawai ya yi.

Alhali kuwa mutanen dauri sun zana kansu da hannunsu. A duwatsun Tassili, kudu maso gabashin Aljeriya, akwai zane sama da 15,000, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1982. Lokacin da aka yi da yawansu, Sahara na da ruwa da ciyawa, shanu na kiwo. A wani wuri da ake kira Iheren an zana makiyaya ranar ƙaura: mata bisa takarkarai, gashi ya sha gyara, waɗansu sun sauka suna kwance kaya suna kafa bukkoki, maza kuwa sun yi wa zaki taron dangi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A wurin Abzinawan daji, tanti na mace ne. Ita ke kafa shi, ita ke tuge shi, in aure ya mutu miji ne ke fita. Abin da ya fi burge mu shi ne mai zanen ya ba aikin matan nan fili a bango ɗaya da farautar zaki, bai raina shi ba. A gidajenmu da yawa kuwa, in mai ƙidaya ya tambayi sana'ar uwargida, wadda tun asuba ba ta zauna ba, amsar da zai ji ita ce: "Ba ta aiki."