Kar ko Jirgi? Tafiyar Mai Ƙaramin Guzuri a Ƙasar Nepal

A ƙasar Nepal, in baƙo ya tambayi mutumin ƙauye nisan gari kaza, ba ya ba shi amsa da kilomita. Sai ya ce awa 5 ne, ko kwana 2 ne. Yana da gaskiya. A can mutum yana iya hango hayaƙin gari tun da safe. Amma kafin ya isa sai ya gangara kwari mai zurfi, ya ƙetare kogi, ya sake hawa. Ido ya isa da hantsi, ƙafa sai la'asar.

Ina Nepal take?

Nepal tana gabas mai nisa, cikin nahiyar Asiya. Indiya ta kewaye ta kudu da gabas da yamma. Ƙasar Sin tana arewa da ita. Ba ta da faɗi: Nijar ta ninka ta fiye da sau 8. Amma a ƙidayar 2021 mutanenta sun wuce miliyan 29. Babban birninta shi ne Katmandu. Kuɗinsu sunansa rupi.

Kudancin ƙasar fili ne. Sauran kuwa tudu ne bisa tudu, har a kai ga manyan duwatsun da ake kira Himalaya. Tsawon dutse daga bakin teku ake auna shi. A duniya duka, duwatsu 14 ne suka wuce mita 8,000, kuma 8 daga cikinsu suna Nepal ko bisa iyakarta. Babbansu shi ne Eberest, mai mita 8,849. Dutsen Bagzan na Abzin, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,022 gare shi. Ko an ɗora irinsa 4 bisa juna, ba su kai kan Eberest ba. Sai a 1953 aka fara taka ƙolinsa. Mutum 2 suka yi wannan aiki: Edmund Hillary da Tenzing Norgay.

Ƴan goyon jaka

Waɗannan duwatsu su ke jawo baƙi. A 2024 fiye da mutum miliyan 1 suka ziyarci ƙasar. Cikinsu akwai masu hali, waɗanda ake ɗaukar wa kaya, ana dafa masu abin da suke so. Akwai kuma masu ƙaramin guzuri. Yawancinsu samari ne da ƴan mata da suka daɗe suna tara kuɗin tafiya. Duk abin da suka mallaka yana cikin jaka guda, goye a baya kamar ɗa: riguna kaɗan, bargo, gorar ruwa, magani, takalmi mai ƙwari.

Ɗan goyon jaka yana sauka a unguwar Tamel, cikin Katmandu, inda ɗakunan haya suke da araha. Kowane dare yana ƙirga abin da ya rage masa. In ya ci da yawa yau, tafiyarsa ta gajarta gobe. Saboda haka a kowane zango tambaya guda ke gabansa: ya biya da kuɗi, ko ya biya da lokaci? Jirgi yana cin kuɗi. Kar, wato babbar motar fasinja, tana cin yini.

Kilomita 200, yini guda

Zango na farko shi ne daga Katmandu zuwa garin Pokara. Tsakaninsu wajen kilomita 200 ne, bai kai nisan Maradi da Damagaram ba. Jirgi yana yin sa cikin minti 25 ko 30. Kar kuwa tana tashi wajen ƙarfe 7 na safe, ta yi awa 7 ko 8, wani lokaci fiye da haka. Baƙo ya fi ɗan ƙasa biyan kuɗin jirgi. Kujera guda ta jirgi tana cinye abin da zai ciyar da shi kwanaki. Don haka yawancinsu kar suke shiga.

Hanyar mota ba tsohuwa ba ce a wannan ƙasa. Sai a 1956 aka gama hanyar farko da ta haɗa Katmandu da Indiya. Kafin nan, in mai mulki ya sayi mota, mutane da yawa ke ɗaura ta bisa itace, su ɗauke ta a kafaɗa, su haye duwatsu da ita. Hanyar Pokara kuma a 1974 aka gama ta, da taimakon ƙasar Sin.

Da kar ta fita daga kwarin Katmandu, sai ta fara gangara, kwana bisa kwana, kamar tafiyar maciji. Daga nan ta bi gefen kogin Trishuli. Hannu guda dutse ne tsaye kamar bango. Ɗaya hannun rami ne, ruwa yana gudu a ƙasa. In motoci 2 suka haɗu a wuri mai ƙunci, yaron mota yana leƙawa ta ƙofa, yana bugun jikin motar da tafin hannu. Da wannan bugu direba ke sanin ya matsa ko ya tsaya.

Da rana ana tsayawa cin abinci. Abincin ƙasar sunansa dal bat. Shinkafa ce da romon wani ɗan ƙaramin wake, da ganye, da ɗan yaji. Mutanen Nepal suna cin sa sau 2 a yini. Ɗan goyon jaka yana son sa saboda dalili guda: in ya biya faranti ɗaya, ana ƙara masa har ya ƙoshi.

Abin da ake gani ta taga

Wanda ya shiga jirgi yana ganin kan duwatsu. Wanda ya shiga kar yana ganin gonaki. Manoman tuddan Nepal ba su da fili shimfiɗaɗɗe, sai suka sassaƙe jikin tudu hawa-hawa kamar matakala. Kowane hawa suna tokare shi da jerin duwatsu ko da ƙasa, don kada ruwan sama ya tafi da taki. Wata gona faɗinta bai wuce taki 3 ko 4 ba. Manoman Adar da suke jera duwatsu a gonakinsu sun san amfanin wannan aiki.

A ƙasa, kusa da ruwa, shinkafa ake shukawa. In an ɗan hau, sai masara da tamba. Can sama inda sanyi yake, sai sha'ir da dankalin turawa. Kowane tsawo da abin da yake karɓa.

Dabbobi ma haka ne. A ƙasa akwai ɓaunar gida, ana tatsar nononta. Akwai shanu, ana huɗa da bijimai, amma dokar ƙasar ta hana yanka saniya, don yawancin mutane addinin Hindu suke bi, suna girmama ta. Akwai kuma masu addinin Buda, da Musulmi wajen 5 cikin 100. Can bisa duwatsu akwai wani irin sa mai dogon gashi har ƙasa, sunansa yak. Shi ke ba da nono da mai da gashin saƙa, shi ke ɗaukar kaya. Zafi ba ya karɓar sa. Da bazara makiyaya suna hawa da shi sama, da sanyi su gangaro.

A gefen hanya ana ganin mata da kwando a baya, igiyarsa rataye a goshi, cike da ciyawa ko itace. A ƙauyuka da yawa mata da tsofaffi ke riƙe da gona. Mazan sun tafi neman kuɗi Indiya, ko Katar, ko Saudiyya, ko Maleshiya. Kuɗin da suke aikowa shi ke riƙe gidaje masu yawa.

Jirgin safe

Pokara gari ne mai ni'ima a bakin tafki. Daga nan hanya ta nufi arewa, zuwa Jomsom, mai tsawon wajen mita 2,700. Kwarin da ake bi sunansa Kali Gandaki. Yana ratsa tsakanin manyan duwatsu 2: Anapurna mai mita 8,091, da Daulagiri mai mita 8,167.

A nan ma zaɓi biyu ne. Mota tana yin yini guda, bisa hanya mai ƙunci da aka sare a jikin dutse. Jirgi kuwa wajen minti 20 yake yi. Ƙaramin jirgi ne, bai kai kujera 20 ba. Ba ya haye duwatsun, tsakaninsu yake bi. Fasinja yana duba taga, sai ya ga dutse sama da kansa.

Wannan jirgi da sassafe kawai yake tashi. Dalili kuwa, da rana ta ɗaga, iska mai ƙarfi tana taso wa daga kudu, ta cika kwarin. In kuma gajimare ya rufe hanya, ba a tashi sam. Mai tikiti yana iya kwana 2 ko 3 yana jira. Kowane kwana sai ya biya ɗaki da abinci. Ga shi ya sayi sauri da tsada, ya ƙare da zaman jira.

Kowace hanya da haɗarinta

Ba a ɓoye wa matafiyi gaskiya. A watan Mayu na 2022, wani jirgi da ya tashi daga Pokara zuwa Jomsom ya bugi dutse cikin gajimare. Mutum 22 ne a ciki, babu wanda ya tsira. A watan Janairu na 2023, wani jirgin ya faɗi dab da sauka Pokara, mutum 72 suka rasu.

Hanyar ƙasa ma tana ci. Damina a Nepal daga watan Yuni take zuwa Satumba, kuma ruwa ne mai yawa. In tudu ya sha ruwa ya ƙoshi, sai ya zaftaro bisa hanya. A watan Yuli na 2024, ƙasa ta zaftaro da dare, ta tura motocin kar 2 cikin kogin Trishuli. Wajen mutum 60 ruwa ya tafi da su.

Shi ya sa masu hankali ke zuwa bayan damina, a watan Oktoba da Nuwamba, ko kuma a Maris da Afrilu. Suna guje wa motar dare. Suna barin kwanaki na rara cikin lissafinsu, don kada gaggawa ta sa su shiga abin da bai kamata ba. Suna ɓoye ɗan kuɗi da ba a taɓawa sai ranar wuya.

Inda ƙafa ke karɓar aiki

Jomsom yana bayan duwatsu. Gajimare yana zubar da ruwansa kafin ya iso. Ƙasar busasshiya ce, ga iska, ga ƙura, noma sai da ban ruwa. Daga nan mutane da yawa suna ci gaba a ƙafa. Suna kwana a gidajen baƙi na ƙauye. Kuɗin ɗaki kaɗan ne, amma da sharaɗi: baƙo ya ci abinci a gidan. Iyakar hawa, iyakar tsadar faranti, don kome daga ƙasa ake kawo shi.

A nan akwai wata cuta da mutumin fili bai sani ba. In an wuce mita 2,500, iskar shaƙa tana raguwa. Kai yana ciwo, zuciya tana tashi, barci ya ƙi zuwa. Ba ta duba ƙarfi ko ƙuruciya. Likitoci sun ce in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da fiye da mita 500. In ciwon ya tsananta, magani guda ne: a gangara nan take. Wanda ya zo da jirgi ya fi shiga haɗari, don jikinsa bai sami lokacin sabawa ba. Wanda ya hau sannu-sannu shi ke kwana lafiya.

Wannan kwari tsohuwar hanyar fatake ce. Mutanen wurin, Takali, sun yi arziki da gishiri. Ana kawo shi daga Tibet bisa yak da tumaki da awaki, a musanya shi da hatsi daga kudu, kamar yadda ayarin Bilma ke musanya gishiri da gero. Bayan 1959 iyakar Tibet ta ƙuntata, gishirin Indiya mai araha ya shigo, fatauci ya mutu. Sai Takali suka mai da gidajen fatake gidajen baƙi. Jikokin masu saukar da ayari su ke saukar da ƴan goyon jaka.

Wanda ke wucewa da wanda ke zaune

Wasu baƙi suna kuka da hanyar mota. Sun ce ta kawo ƙura da ƙara, ta ɓata masu yawo. Wasu mutanen wurin ma sun yi asara: masu alfadarai sun rasa dako, gidajen baƙin da mota ke wucewa ba tsayawa sun rasa ciniki.

Amma a tambayi manomin Marfa, wani ƙauye kusa da Jomsom da ya yi suna wajen noman tuffa. Da can, kai kaya Pokara tafiyar kwanaki ce a ƙafa. Tuffa mai yawa sai dai a yanyanka ta a shanya. Yanzu mota tana ɗaukar ta ɗanya zuwa kasuwa. A tambayi kuma mai mata da naƙuda ta zo da gardama. Da can a baya ake goya marar lafiya cikin kwando, ana neman gidan likita.

Ɗan goyon jaka yana da zaɓi. In kar ta gajiyar da shi, ya nemi jirgi. In jirgi ya ba shi tsoro, ya koma kar. In guzuri ya ƙare, ya koma gidansu da hotuna. Mutumin dutse kuwa yana nan. Da damina da rani, wannan hanya ce tasa, da ita yake kai amfanin gonarsa, da ita ɗansa ke dawowa daga cin rani.

Saboda haka baƙon da ya fi cin ribar tafiya shi ne wanda ya zauna kujera guda da su, ya ci abin da suke ci, ya tambaye su kafin ya ɗaga ƙafa. In sun ce kwana 2 ne, ya yarda kwana 2 ne. In sun dubi sama suka ce yau ba a wucewa, ya sauke jakarsa ya kwana. Tafiya sannu-sannu, kwana nesa.